Jirgin da Kawu Ya Shiga da Takalmi

Ni dai keke na so mu saya. Har gobe idan aka tada zancen sai na faɗa, keke na so, kuma da an bi tawa da ban san da wane baki zan yi wa mahaifiyata bayani ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni Riyad. Tun ina firamare yake tuƙa wani dattijo a unguwar Nasiriyya, yana kwana a ɗan ɗakin direba da ke jikin ƙofar gidan. Ni kuma ina aiki a wani shagon labule a Suwaidi, in auna taga, in hau tsani, in sauko, in tuƙa motar shago in kai kaya. Ranar Juma'a kaɗai muke haɗuwa. In same shi a ɗakinsa mu je masallaci, mu dawo mu tarar an aiko da faranti daga cikin gida, shinkafa tuli guda da nama a kai. Kawu ya nannaɗe hannun riga ya yi mata kaca-kaca, ya bi da shayi wanda cokali zai iya tsayawa a ciki don sukari.

Mu Sarkawa ne na Yawuri, jirgi da kifi muka gada. Akwai wani tsohon hoto a gidanmu, Kawu yana saurayi a tsaye a ƙarshen kwalekwale, siriri kamar gwangwalar da ke hannunsa. Wanda na tarar a Riyad kuwa tumbinsa na gogar sitiyari. Ba laifinsa ba ne kacokan. Mutum ya fito daga sanyin esin ɗaki ya shiga na esin mota, ya zauna a ƙofar makaranta, ya zauna a ƙofar kanti, ya zauna a ƙofar asibiti, shekara da shekaru aikinsa ke nan. Amma bakinsa bai taɓa barin kogi ba. Kowace Juma'a sai na sha labarin yadda zai koma gida ya sa a sassaƙa masa jirgi, ya tsaya a baya yana kai mutane kasuwar tsallake. Yakan miƙo ƙafa ya nuna min babban yatsansa ya ce da wannan ake riƙe jirgi, hannu ɗan taimako ne kawai. Idan igiyar ruwa ta bugo, yatsan ne zai kama katako ya gaya wa jiki inda zai karkata. Na ji wannan har na haddace, wani lokaci ma ni nake ƙarasa masa don in tsokane shi.

Akwai kuma dokar gidanmu, wadda ko yaye ba a yi wa yaro ba zai fara jinta: ba mu shiga jirgi da takalmi. Kakanmu ya taɓa barin 'yan kai amarya a bakin ruwa har rana ta karkata, saboda wani ɗan boko a cikinsu ya ƙi cire nasa. Dalili biyu yake bayarwa. Na ɗaya, takalmi santsi gare shi, kuma idan jirgi ya kife shi zai ja ka ƙasa. Na biyu, a cikin jirgi ake samun abin da za a ci, ba a taka shi da abin da aka taka kwata. Kafin a shiga kuma sai an jiƙa hannu a ruwan an shafa a fuska.

Wani abu da Kawu ya koya min tun daren da na sauka, ya tsayar da ni a kan darduma ya ce nan garin alƙibla tana wajen faɗuwar rana. Ya ce idan na ta da kabbara, Makka tana gabana, bayan Makka teku, bayan teku in aka yi ta tafiya sai gida. Na ji daɗin wannan magana a lokacin da kewa take cina.

Zancen ciwon suga kuwa a bakin cin abinci ya faɗa min, kamar mai ba da labarin mura. Wai likita ya ce ya rage shinkafa, ya bar sukari, ya riƙa motsa jiki. Yana faɗa yana kai loma. Da na gaya wa mahaifiyata a waya sai hankalinta ya tashi. Gwaggonsu ciwon ne ya ci ƙafarta har gwiwa kafin ta rasu, kuma ita ta yi jinyarta.

"Ƙanena yana hannunka," ta ce. "Da ƙafarsa ya tafi. Da ƙafarsa nake so ya dawo min."

To, daga ranar na ɗora wa kaina aiki. Na fara da cewa ya riƙa zagaye unguwa da yamma. Ya yi sau biyu ya ce shi kam ya gama. Zafin garin nan ko bayan la'asar kamar an buɗe maka murfin tanda ne, sannan ya ce babba da furfurarsa yana ta tafiya ba aike ba saƙo, maƙwabta za su ce direban gidan wane ya taɓu. Na ga dai in ba a cikin ɗaki aka kawo masa motsa jikin ba, ba za a yi ba.

A daidai wannan lokaci ne ya soma sa safa da takalmi sau-ciki. Mutumin da na sani da silifa rani da sanyi. In za a yi alwala sai ya shafa a kan safar, ya ce ai da alwala ya sa ta. Ga turare kamar an yi ɓarinsa, kana buɗe ƙofar ɗakin zai tare ka. Na yi ta masa tsiya, na ce Kawu tsufa ya zo da gayu, ko dai zaman Riyad ya gama mayar da kai Balarabe? Sai ya yi dariya ya ce sanyin esi ne ke damun ƙafarsa. Na yarda. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a dangi, na yarda ban ƙara tambaya ba.

Na zauna na yi ta kallon bidiyo a waya har na tsayar da shawara a kan keken motsa jiki, irin wanda ake hawa a murza yana nan tsaye. Bai da tsawo, zai shiga lungun da ke tsakanin gado da firji. Ba ya ƙara. Mutum zai iya hawa yana kallon labarai. Kuskuren da na yi, garin nuna masa keken sai yatsana ya wuce zuwa wani bidiyo, wani ƙato a zaune a kan dogon ƙarfe yana jan igiya, kujerarsa na gaba tana baya.

Kawu ya tambaye ni me wannan yake yi. Na ce injin tuƙa jirgi ne, na motsa jiki. Ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da hancinsa, ya mayar da ita nesa, ya sake kawowa. Ya tambaya ina ruwan. Na ce babu. Ya tambaya ina jirgin. Na ce shi ne wannan ƙarfen. Sai ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe, an kai lokacin da mutum zai yi tuƙi a tsakar ɗaki ya yi gumi ya sauka a inda ya hau. Amma bai ba ni wayar ba sai da ya kalla sau wajen nawa.

Daga nan rigima ta tashi, Juma'a bayan Juma'a. Shi jirgi, ni keke. Na ce ɗakinka ko akuya aka ɗaure sai ta yi ƙorafi, ina za ka sa abu mai tsawon gado? Ya ce a jingine gadon. Na ce an ce idan ba a iya ja ba yana kama ƙugu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi za a koya wa ja? Ya ce keken nan nawa, mutum ya hau yana ta murza ƙafa kamar tela ba yadi, wane irin wulaƙanci ne. Na ce ai jirgin ma ba inda zai kai ka. Ya ce ko ba komai aiki ne da jikinsa ya sani. Raina ya yi ta ɓaci, don na san taurin kan gidanmu, ni ma da shi aka haife ni. Har na yi fushi na ƙi zuwa wata Juma'ar.

Da na dawo sai ya sake neman bidiyon. Wannan karon ba hannun mutumin yake kallo ba. Ya sa yatsa a ƙasan allon, inda ƙafafun suke ɗaure da maɗauri, ya tambaye ni ko da takalmi yake ciki. Na ce ƙwarai, kowa da takalmi yake hawa. Can ya miƙo min wayar ya ce shi ke nan, halas, a sayi keken.

Wallahi daɗi na ji. Na ɗauka hujjata ce ta yi aiki. Har na kira mahaifiyata ina cika baki, na ce na shawo kan ƙanenta.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, na ari motar shago muka nufi haraj, kasuwar kayan gwanjo da ke kudancin gari. Duk abin da masu gida suka gaji da shi a can yake ƙarewa, kujeru, firji, keken yara, labulen da ni da kaina na taɓa ɗaurawa. A wani layi muka sami rumfar wani Basudane mai faɗin murya, ya jera injinan motsa jiki sun yi ƙura, waɗanda aka saya da zumuɗi aka rataya wa tawul. Kekuna sun fi yawa. Kawu ya zaɓi wani baƙi ya hau da takalminsa da safarsa, ya murza a hankali, ya ce ba laifi. Na shiga ciniki, ina ja Basudanen yana ja, har mun kusa daidaitawa.

Sai wani mai wucewa ya tsaya a can ƙarshen rumfar, ya kama wani hannu da ke lilo ya fisga don wasa, ya yi gaba abinsa.

Ƙarar ruwa ce ta tashi. Ba wani abu mai kama da ita ba, ruwa sosai, irin ƙarar da filafili ke yi idan ya shiga ya fito. A tsakiyar ƙura da hayaniyar kasuwa, a garin da za ka shekara ba ka ga ruwa yana gudu ba sai a famfo. Kawu ya daina murzawa. Ya sauko daga keken ya bi ƙarar.

Injin tuƙi ne, amma ba irin na bidiyon ba. Wannan na katako ne, kuma a gabansa akwai wata ƙatuwar roba mai haske kamar kwano an kife, cike da ruwa, da fukafukai a ciki. Idan aka ja igiya sai fukafukan su kaɗa ruwan. Basudanen ya ga ciniki na neman canja hanya, ya bar ni ya bi Kawu, ya zauna a kai ya nuna masa yadda ake yi.

Kawu ya kalla, ya kalla, sannan ya tambaya ina ne gaban jirgin. Basudanen ya nuna bayansa da babban yatsa. Kawu ya ɗauka bai gane Larabcinsa ba, ya sake tambaya. Mutumin ya sake nuna baya, ya ce garinsu ma a bakin kogi yake, kuma masu filafili biyu haka suke tuƙi, suna kallon inda suka baro. Kawu ya juyo ya dube ni kamar ni na ƙirƙiro abin. Mu a wajenmu matuƙi gaba yake kallo, filafili ɗaya, ido a kan ruwa saboda dutse da dorina. Kawu ya ce yanzu mutum da hankalinsa zai ba wa inda za shi baya? In ya hau kan dutse fa? Basudanen ya yi dariya ya ce nan dai babu dutse, ya gwada.

Na ce Kawu mu tafi, an gama magana a kan keke. Ko kallona bai yi ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya lalubi murfin robar ya buɗe, ya zura yatsu ya jiƙa, ya shafa a fuska. Rabon da in ga an yi haka tun ina gida. Sannan ya ja wani kwali ya zauna ya soma kwance igiyar takalmi.

"Kawu, da takalmi ake hawa," na ce. "Katako ne da roba, ba jirgi ba ne."

"Akwai ruwa ko babu?"

Ya cire takalmin hagu, ya cire safar, ya ajiye a gefe. Ya cire takalmin dama. Da hannunsa ya kai kan safar sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, wani irin kallo da ban taɓa gani a fuskarsa ba, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Na ɗauka zai mayar da takalmin. Ya dubi ruwan da ke ta lilo a cikin robar. Sai ya ja safar.

Wani tsumma ne a naɗe a ƙarƙashinta, ya manne. Da ya ɓamɓare shi wari ya riga komai isowa, ya ture turaren nan gaba ɗaya. Babban yatsan da a dā yake nuna min kowace Juma'a ya yi baƙi ƙirin, ya motse kamar busasshen dabino. Na kusa da shi ma ya bi sahu. Saman ƙafar ya kumbura yana sheƙi, jan ya haura har idon sawu.

Ina jin Basudanen yana ta maimaita la haula a bayana, amma kamar daga wata unguwa. Na tsaya sororo da makullin mota a hannu. Kuma ina tsaye ina kallo Kawu ya dafa kafaɗata ya zauna a kan kujerar injin, ya ɗora ƙafafun nan biyu a mataka, ya yi bisimilla, ya ja.

Ruwan ya amsa. Ya sake ja. Ya lumshe ido. Bai iya irin tuƙin ba, yana karkata gefe ɗaya kamar mai filafili guda, amma kafaɗunsa sun tuna wani abu, na ga tumbin nan da furfurar nan sun koma na cikin hoton gidanmu. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne jini da ruwan ciwo da na ga suna gangarowa a kan matakin, suna ɗiga a ƙasa. Shi kuwa murmushi yake yi. Bai ji komai ba, ko alama.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni, na ɗaga wa Kawu murya a bainar jama'a. Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na san na ce ashe safar ke nan, ashe turaren ke nan, ashe shi ya sa ya yarda da keke. Na ce so yake ya kashe yayarsa da baƙin ciki. Mutane suka taru. Basudanen ya kawo ruwan gora da wani tsabtataccen ƙyalle, muka naɗe ƙafar, muka tallabe shi zuwa mota. Takalmin dama a rumfar muka manta shi.

A hanya ya ba ni labari, yana kallon taga. Wata azahar ce ya fito daga masallaci bai ga silifarsa a inda ya ajiye ba, ya taka dandamalin waje ba takalmi yana nema. Dutsen dandamalin ya sha rana tun safe. Wani ko taku ɗaya ba zai iya ba, shi kuwa ya zagaya abinsa bai ji zafi ba. Sai da dare ya ga ƙafar ta yi bororo. Ya fasa, ya shafa man kaɗanya, ya ɗaure. Da ya ƙi warkewa ya koma zuma. Da ya fara wari ya sayi turare. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa asibiti, ga katin asibiti a aljihunsa. Ya ce ƙafar dama ce, ƙafar birki. Wane kafili, wato maigida, ne zai bar jikokinsa a motar direba mai ruɓaɓɓiyar ƙafa? Za a ƙi sabunta masa iƙama, takardar zama a ƙasar, a sa shi a jirgin sama, ya sauka gida yana ɗingishi ba jirgin ruwa ba komai. Ya ce yana ta jira ne ya warke tukuna.

Na ci gaba da tuƙi, na nufi asibiti.

A daren suka kwantar da shi. Likitan da ya duba ya kira ni gefe ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan, ba zancen yatsu za a yi ba, zancen gwiwa za a yi. Yatsu biyun dai ba su da rabo. Na zauna a barandar asibitin ina ta tunanin keken nan. Da mun ɗauko shi, da Kawu ya hau kullum da takalminsa a rufe ruf, yana murzawa, ni kuma ina zuwa duk Juma'a ina yaba masa, ina kiran gida ina cewa an samu ci gaba. Da haka za mu yi ta yi har ciwon ya haura.

Na kira mahaifiyata bayan an fito da shi daga tiyata. Ta saurara har na gama. Ta tambaya ko zai taka, na ce zai taka. Ta tambaya ko zai iya tsayawa a jirgi. Na ce ban sani ba, sai ta ce Allah ya sa kaffara ne.

Dattijon da yake wa aiki ya zo da kansa, yana dogara sanda, da kwalin dabino wanda ma'aikaciyar jinya ta karɓe tun a bakin ƙofa. Ya zauna ya wanke Kawu tas. Ya ce shekarun da suka yi tare, ashe kallon da yake masa ke nan, na mutumin da zai kori direbansa saboda ciwo? Ya ce ɗakinsa na nan, motarsa na nan, in ya warke ya dawo. Duk tsoron da ya ci wa Kawu yatsu biyu, ashe babu komai a cikinsa. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Ciwon ya warke a hankali. Aka ba shi wani takalmi mai faɗin baki, mai laushi a ciki, likita ya kafa masa doka: ba shi ba taka ƙasa da ƙafa tsirara har abada, ko daga gado zuwa banɗaki. Motsa jiki kuma dole, keke ko injin tuƙi duk wanda ya so, amma da takalmi. Kawu ya ce to. Komai aka ce sai ya ce to. Ya rage shinkafa, ya bar sukari, ya koma tuƙi. Amma ya daina zancen kogi. In je Juma'a mu ci abinci mu tashi, ba jirgi, ba kasuwar tsallake, ba dorina. Na tsokane shi da labarin kakanmu da 'yan kai amarya, ya yi murmushin yaƙe ya kunna talabijin. Wannan shirun ya fi baƙin yatsan ba ni tsoro.

Na koma haraj ni kaɗai. Basudanen ya gane ni tun daga nesa, ya tambayi jikin dattijo, ya ɗauko takalmin da muka manta a cikin leda. Baƙin keken yana nan. Injin ma yana nan, ya wanke matakin ya lulluɓe shi da tampol. Na tsaya a tsakaninsu na daɗe. Duk hujjojina na nan daram, ɗakin bai ƙara faɗi ba, keken bai ƙara tsawo ba. Kuma ina tsoron in kai masa jirgi ya zama kamar na kai masa abin da ya rasa ne in ajiye a gabansa. Na ce a ɗora min injin a mota.

Sai da na fitar da firji waje, na tura gado jikin bango, kafin ya shiga. Kawu yana zaune a bakin gadon yana kallona, bai ce sannu ba, bai ce me ya sa ba. Na daidaita shi yadda ya samu wuri, robar ruwan tana jikin bangon da dardumarsa ke kallo. Sai a nan ya yi magana. Ya ce in juya shi, shi ba zai zauna ya miƙe wa alƙibla ƙafa ba. Na yi gumi na ɗaga na juya, kai ya koma ƙafa, ruwa yana ta ɓalam-ɓalam a ciki.

Ya taso ya buɗe murfin, ya jiƙa yatsu ya shafa a fuska. Ya zauna a kujerar. Hannunsa ya tafi kan takalmin da kansa, ya kama maɗaurin, ya tsaya a nan. Na juya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi, don ba zan iya kallo ba. Tun daga kakan kakanmu ba a taɓa shiga jirgi da takalmi ba. Da na waiwayo ya ɗora ƙafafun a mataka, da takalmin, yana jira. Na durƙusa na ɗaure masa, na sassauta na dama.

Ya ja. Ruwa ya cika ɗakin da ƙara. Ya ja na biyu, na uku, yana ɗan karkata kamar dā. Sai ya tsaya yana haki, ya tambaye ni, mutumin nan cewa ya yi baya irin wannan jirgin yake tafiya ko? Na ce haka ya ce. Ya waiwaya ta kan kafaɗa ya dubi bangon da ke bayansa, inda dardumar take a ninke. Ya daɗe yana kallonsa. Ya juyo ya gyara riƙo.

"Ka kira Yaya," ya ce. "Ka ce mata ina tafe."